Ɗan Karkare: Ciwon da Ake Rainawa Har Ya Ci Yatsa

A ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, watau daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Minjibir da Gezawa, har a dangana da Bichi da Dambatta, gona tana manne da gona, gida yana hangen gida, babu saura babu daji sai kaɗan. Tun cikin 1965 malaman Jami'ar Ahmadu Bello biyu, Mortimore da Wilson, suka buga bayanin wannan ƙasa, suka nuna yadda ake nome ta kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni wadda jakuna ke ɗaukowa. Abin da bayanin nan ke nufi ga jikin ɗan Adam shi ne, ƙasar nan da hannu ake riƙe da ita. Hannu ne ke watsa taki, shi ke cirar ciyawa a gindin gero, shi ke tuge gyaɗa ya ɓare ta, shi ke roron wake, shi ke yankan kara. Saboda haka babu ƙauyen da za a shiga a rasa mutum guda mai ɗauke da yatsa sama, an naɗe shi da tsumma ko an cusa shi cikin lemun tsami, ana ce masa sannu, shi kuwa ya kwana uku bai runtsa ba.

Wannan ciwo shi ne ɗan karkare, waɗansu su ce karkare kawai. Abin mamaki gare shi, kowa ya san zafinsa, amma kaɗan ne suka ɗauke shi ciwon zuwa asibiti. A kan ce a bar shi ya nuna. To, a cikin jiran nunar nan ne yatsu da yawa suka sandare, waɗansu suka guntule. Malamin da manuninsa ya ƙage ba ya sake riƙe alƙalami yadda ya saba, ɗan kasuwar da babban yatsansa ya lalace kuwa ko ƙirgen kuɗi da ɗinkin bakin buhu sai ya nemi mai taya shi.

Asalin abin ba boyayye ba ne. Allah ya yi wa farce wata 'yar fata siririya wadda ta like gindinsa da gefensa, ita ce ƙyauren da ke hana datti shiga tsakanin farce da tsoka. In wannan ƙyaure ya ɓalle, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Abubuwan da ke ɓalle shi kuwa su ne na yau da kullum: sartsen kara ko na icce, ƙayar ƙarangiya, tsinin allurar ɗinkin buhu, ƙayar kifi, kaushin hunturu da ke tsattsage fata, cizon farce da haƙori, da fizge 'yar fatar nan da kan tsiro a gefen farce. Ƙwayar da ta fi yin ɓarna a nan sunanta sitafilokokas. Wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya gan ta cikin mugunya da madubin likita a 1880, ta taru cunkus kamar nonon inabi. Ba baƙuwa ba ce, tana zaune a fata da cikin hancin mutane masu yawa lafiya lau, sai ta sami ƙofa take zama abokiyar gaba. Mai cizon farce da yaro mai tsotson yatsa kuma suna ƙara mata ƙwayoyin baki. Ke nan ba jifa ba ne, ba kuwa tsutsa ce ke cin yatsa daga ciki ba, ko da yake zogin ya kan sa mai shi ya rantse akwai mai rai a ciki.

Ya kamata mai karatu ya san cewa sunan nan guda ya tattara ciwo fiye da ɗaya, kuma maganinsu ya saɓa. Akwai na gefen farce, wanda ke farawa da ja da kumburi da ɗumi, bayan kwana 2 ko 3 a ga fari-fari ko rawaya ya taru a ƙarƙashin fata. Wannan shi ne mai sauƙi. Akwai kuma na tsokar kan yatsa, wajen da ake dangwala tawada, shi ne mugun. Dalili kuwa, tsokar nan ba fili guda ba ce, an kasa ta ɗaki-ɗaki da waɗansu zaruruwa masu ƙarfi da suka tashi daga ƙashi zuwa fata. In mugunya ta taru a ciki ba ta da wurin bazuwa, sai ta matse hanyoyin jini, yatsa ya yi tauri kamar ɗanyen goro, yana zuga da kowane bugun zuciya. In aka daɗe a haka ƙashin kan yatsa ya kan rasa jini ya mutu, ya ruɓe, wata rana a ga guntunsa ya fito tare da mugunya. Mai jiran wannan ya nuna daga waje yana jiran abin da ba ya zuwa sai bayan ɓarna ta auku, domin fatar tafin yatsan manomi kauri gare ta, ƙashi ya fi ta saurin ba da kai.

Daga nan ciwon yana iya gangarawa cikin kuben jijiyar da ke lanƙwasa yatsa. Wani likita a Shikago ta Amurka, Allen Kanavel, ya wallafa littafi a kan cututtukan hannu a 1912, har yau kuwa da sunansa ake kiran alamun wannan hali: yatsa ya kumbura tun daga gindi har kai, ya tsaya a ɗan lanƙwashe, in an danna cikinsa ko'ina da zafi, in aka gwada miƙe shi mai shi ya yi kuwwa. Wanda ya ga haka ba maganar gobe, ranar nan za a nemi mota. Kuben babban yatsa da na ƙaramin yatsa suna zarcewa har wuyan hannu, saboda haka nasu ya fi saurin kama hannu duka.

Maganin farko ba shi da tsada, sai dai yana son a fara shi ran da ciwo ya soma. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce har ya zama mai ɗumin da fata za ta jure, a zuba gishiri kaɗan, a tsoma yatsa minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a yini. A tsane shi da ƙyalle mai tsabta, a rufe shi, a rataye hannun a ƙirji da gyale ko guntun rawani, domin hannun da ke reto ƙasa ya fi zogi da kumburi. In akwai sartse a fitar da shi. Farasitamol yana rage zafi. Abu guda kuma da malamai da attajirai kan manta, a cire zoben azurfa tun yatsa bai kumbura ba, don in ya kumbura zoben ya zama tarko, sai an kira maƙeri. Haka nan ɗaure gindin yatsa da zare tamau wai don kada ciwo ya haura, wannan yana kashe yatsa, ciwon kuwa ba ya tsayawa. Na gefen farce da yawa suna warkewa da ruwan ɗumin nan kaɗai. In an yi kwana 2 ba sauƙi, ko aka ga mugunya ta taru, to, lokacin ruwan ɗumi ya wuce. Tsofaffin likitocin fiɗa suna da wata ƙa'ida mai kyau, cewa daren farko da yatsa ya hana mutum barci, shi ne alamar a buɗe shi.

Abin da ake yi a asibiti bai kai yadda ake tsoronsa ba. Na gefen farce, malamin asibiti ya kan ɗaga fatar da bakin wuƙar fiɗa ko allura mai tsabta, mugunya ta fita, zogi ya faɗi nan take, aikin 'yan mintoci. In ta shiga ƙarƙashin farce a kan cire gefensa. Na tsokar kan yatsa sai an yi allurar kashe zafi a gindin yatsa, a tsaga a inda ya dace, a wanke. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Dambatta da Bichi da Gezawa, in abu ya gagara kuma ga Asibitin Murtala a birni, ga Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganar da ke yawo cewa in an kai ɗan karkare asibiti yanke yatsa za a yi, an juya ta ne. Waɗanda aka yanke wa, galibi sun je ne bayan mako 2 ko 3, yatsa ya riga ya yi baƙi. Da sun je ran kwana 3 da tsaga kaɗai za a yi. Sai dai gaskiya a faɗe ta ga hukuma ma: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye ya kamata a ce yana da wuƙar fiɗa sabuwa da allurar kashe zafi da ma'aikacin da ya iya wannan ɗan aiki, domin manomin da ke tsakiyar noman farko ba zai bar gona ya biya kuɗin mota zuwa birni saboda yatsa ba, sai ya ga uwar bari.

Game da magungunan gida, ba duka suka zama ɗaya ba. Lemun tsami shi ne mafi shahara, kuma shi ne mafi ƙarancin cuta, amma tsaminsa ba ya ratsa fata ya kai inda mugunya take. Iyakarsa ya jiƙa fata ta yi fari ta yi laushi, mai shi ya ɗauka nuna ce. Laifinsa babba shi ne kwanakin da yake ci. Ƙunshin lalle ma haka, ga shi kuma yana rina wurin har mai duba ya kasa gane ja daga baƙi. Amma tsoma yatsa cikin fetur, ko kananzir, ko man birki, ko ruwan batir, wannan ɓarna ce tsagwaronta. Ruwan batir ƙuna yake yi kamar wuta. Zafin da ke ɗaukewa bayansa, fata ce ta mutu, ciwon yana nan a ƙarƙashi, an ƙara masa gyambo a bisa. Kashin shanu da ƙasar gona da waɗansu ke shafawa kuwa, nan ne gidan ƙwayar cutar sarƙe haƙora, wadda ke zaune cikin taki da turɓaya. A ƙasar da kowace gona ke shan taki kowace shekara, duk wanda ƙaya ko sartse ya yi wa rauni mai zurfi ya kamata ya tambayi allurar rigakafin wannan cuta, in ya daɗe bai yi ba.

Wanzami fa? Ba a raina wanzami, shi ne likitan ƙauye tun kafin a san asibiti, kuma fahimtarsa cewa mugunya fita take so daidai ce. Inda aka rabu shi ne aska da wurin tsagawa. Askar da ta yi aski ta yi ƙaho ba a tafasa ta ba, cuta take ƙarawa. A gefen yatsa kuma akwai jijiyar ji da ta jini, a cikinsa ga kuben da aka ambata, kuskuren tsinin aska kaɗan ya isa ya kai mugunya inda ba ta kai ba. Akwai ma wani iri da ba a tsaga shi ko kaɗan, ko a asibiti. Shi ne wanda ke fitowa da 'yan ƙuraje masu ruwa garai-garai a jere, daga ƙwayar nan da ke fesowa a gefen baki bayan zazzaɓi, ya fi kama yara masu tsotson yatsa. Wannan da kansa yake bushewa cikin mako 2 zuwa 3, a rufe shi kawai don yana yaɗuwa, tsaga shi kuwa ƙara masa ciwo ne. Wanzamin kirki shi ne wanda ya san nasa ya san wanda ba nasa ba, ya ce da mai ciwo tashi ka tafi asibiti.

Sai maganar kantin magani. An saba mutum ya sayi kafso 2 ko 4 gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya haɗiye biyu, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a kan ciwo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya shiga cikin tarin mugunya sosai, sai an fitar da ita. In an fitar kuwa, sau da yawa ba a ma bukatarsa, sai in ja ya bazu ko jiki ya yi zafi. In likita ya rubuta shi, a sha yadda ya ce har kwanakin su cika. Ƙwayar nan tana da wayo. An gano fanisilin a 1928, aka fara ba majinyata shi cikin shekarun 1940, ba a daɗe ba ta koyi karya shi. Aka fito da wani sabo mai suna metisilin a 1959, zuwa 1961 an sami wadda ta gagare shi a Ingila. Shan magani guntu-guntu shi ne makarantar da take koyon wannan taurin kai, kuma wanda ya koya mata ba shi kaɗai zai sha wahalarta ba, har maƙwabcinsa.

Akwai mutanen da ko kwana guda bai kamata su jira ba, su ne masu ciwon sukari. Likitoci a Nijeriya da Tanzaniya sun rubuta labarin yadda ɗan ƙaramin rauni a yatsan mai sukari ke zama ruɓar hannu duka cikin 'yan kwanaki, har a kai ga yanke hannu ko rasa rai, kuma da yawa daga cikinsu sai a wannan ciwo ne aka fara gane suna da sukari. Attajirin da ya manyanta, yana yawan fitsari da ƙishirwa, ɗan karkare kuma yana yi masa zuwa da komowa, ya nemi a auna jininsa. Haka kowa, in ya ga jan layi ya tashi daga yatsa yana hawa dantse, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi ya rufe shi, ciwo ya bar yatsa ya shiga jiki.

Na mata dabam yake, kuma an fi yin shiru da shi. Matar da hannunta ke cikin ruwa tun asuba, wanke-wanke da wanki da surfe da wankin gero, sabulu da omo suna cinye 'yar fatar gindin farce har ta ɓace. Sai gindin farce ya kumbura ya yi ja, ba zafi mai tsanani, yatsu 2 ko 3 a lokaci guda, farce ya yi gargada ya sake launi, a yi wata da watanni. In ya wuce mako 6 likitoci suna lissafa shi ciwo mai daɗewa. Masu rini da majema da masu noman rani a bakin madatsar Watari ta Bagwai da ta Tomas a Dambatta su ma suna samunsa. Kafso ba ya yi masa kome, tsaga kuwa ba ta da wuri. Maganinsa a raba hannu da ruwa gwargwadon iko, a tsane shi sosai bayan kowane aiki, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safar hannu ta roba wajen wanki, a karɓo man shafawa daga asibiti, wani na kwantar da kumburi, wani na kashe ƙwayar kandida da kan zauna a wurin. Maigidan da ya iya sayen goron Juma'a ya iya sayen safar roba, in kuwa akwai 'yan mata a gida a karɓe wa uwa wanke-wanke na wata 2 ko 3, domin fatar nan ba ta komowa da wuri.

Yanke farce yana daga cikin abubuwan fiɗira, mai Risala ya kawo shi a babinsa, an kuma ƙayyade kada a bar shi ya wuce kwana 40. A nan ne magana ta zo kan malamai kai tsaye. Masu yankan farce da ke zagaya kasuwar Dawanau da kasuwannin ƙauye da ƙofofin masallatai suna kaɗa almakashi, da yawansu samari ne 'yan makarantar allo masu neman na sabulu, sana'a ce ta halal ba abin kunya. Amma almakashi guda da 'yar wuƙa guda suna bin mutum 20 ko 30 a yini, abin wankewa kuwa ɗan soso da ruwan kumfa. Sa'an nan gwanintar da ake yaba musu, watau ƙwaƙule gefen farce da kankare fatar gindinsa har ya yi fes, ita ce ɓalle ƙyauren da aka faɗa a baya. In jini ya fito kuma akwai abin da ya fi ɗan karkare, domin ƙwayar ciwon hanta tana iya kwana 7 da rai a kan ƙarfe cikin busasshen jini. Nijeriya ta sa rigakafinta cikin alluran jarirai a 2004, wanda aka haifa kafin nan galibi ba shi da wannan kariya sai in ya nema da kansa.

Gyaran abin nan yana hannun mutum biyu. Alaramma ya tara almajiransa masu wannan sana'a ya umarce su: a yanke farce a bar fatar gindinsa, kada a shiga lungu da tsinin wuƙa, a wanke ƙarfe a goge shi da sifirit tsakanin mutum da mutum, a tafasa kayan aiki kowace safiya, in aka ga yatsa mai ja ko kumburi a ba mai shi haƙuri. Maganar malam ta fi ta kowane ma'aikacin lafiya shiga kunnen almajiri. Ɗan kasuwa kuma ya ajiye nasa almakashi ko sabuwar reza a aljihu ko a cikin shago, ya miƙa wa yaro, ya biya shi ladansa cikakke. Farcen ƙafa a yanke shi a miƙe, kada a zagaye kusurwa, don in an zagaye ya kan tsiro ya nutse cikin tsoka, takalmi matsattse ya ƙarasa aikin.

Saura mas'alar alwala, domin akwai masu kwance bandeji sau 5 a yini su jiƙa ciwo, waɗansu ma su ƙi yarda a ɗaure tun farko saboda salla. Malamai sun fi kowa sanin cewa Muhtasar na Shaihu Halil ya keɓe fasali a kan shafa bisa rauni da abin da aka ɗaure shi da shi: in ana tsoron wanki zai ƙara ciwo ko ya jinkirta warkewa, a wanke inda ke lafiya, a shafi bisan ɗaurin da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya. Abin da ake bukata shi ne a faɗi wannan a wajen karatu da bakin masallaci yadda manomi da matarsa za su ji. Wanda aka cire wa farce kuma kada ya damu, zai fito. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, ya kan cika cikin wata 6, na babban yatsan ƙafa kuwa ya kan ɗauki shekara guda ko shekara da rabi, muddin ba a ƙone gindinsa da ruwan batir ba.